Rufin Asiri Da Kuɗin Jama'a

A jihar New York ta Amurka, doka ta wajabta wa kamfanin inshora ya sanar da hukuma cikin kwana 30 idan ya ga alamar zamba a neman diyya. A California wa'adin kwana 60 ne. Dokar ba ta jira sai an tabbatar da laifi, zato mai dalili ya wadatar. Musulmin da ya ji wannan dole ya ɗan yi jim, domin aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ja kunne kan yawan zato da bin diddigi da giba, kuma mun taso da sanin cewa rufa wa ɗan'uwa asiri ibada ce. To, ma'aikacin kamfanin inshora da aka miƙa wa takardun gobarar shago, ya ga an yanki inshorar mako biyu kafin wutar, rasiɗan kayan kuma daga dillalai daban-daban amma rubutun hannu ɗaya, ya kai rahoto ko ya kau da kai?

Ya kai. Mutum yana yafe abin da yake nasa ne, kuɗin da ke asusun inshora kuwa ba na ma'aikacin ba ne. Karo-karo ne na dubban mutane, kuma duk abin da maƙaryaci ya kwasa, a aljihun masu gaskiya za a cike gurbinsa idan an ƙara kuɗin shekara. A tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a Najeriya a 2013, abin ya fi fitowa fili: asusun na mahalarta ne, kamfani wakili ne da aka ba amana. Suturar da malamai suka kwaɗaitar a kai ta fi shafar zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Inda haƙƙin wani ya shiga, hukunci ya sauya, shi ya sa Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da neman taimakon mai iko don kawar da ɓarna.

Wani zai ce ai zato zato ne, idan mai shagon nan mai gaskiya ne fa? Zaton da aka hana shi ne wanda ba shi da madogara, ake yawo da shi a majalisa. Rahoto kuwa yana zuwa ne a asirce ga masu bincike, kuma kariyar da dokokin Amurka ke ba mai kai shi tana faɗuwa idan ƙeta ce ta sa shi. Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina daban ne: kamfani mai ƙyashin biya yana iya fakewa da "muna bincike" ya bar wanda ya yi asara yana zarya wata da watanni. Wannan ma zalunci ne, kuma ba ya wanke mai zamba. Hukumar da ta sa wa kamfani wa'adin kai rahoto, ta sa masa wa'adin biyan mai gaskiya, ta kuma ci shi tara idan ya saɓa.