Yatsan Tsoho a Kan Takarda

'Yan'uwa, mun ziyarci wani dattijon ekklesiya a GRA ta Katsina, idanunsa sun dushe kamar na Ishaku. Ɗansa ya kawo lauya mai hatimi, aka dangwala yatsan tsohon a takardar wasiyya, ba wanda ya karanta masa. Yau katin bankinsa yana aljihun ɗan. Ba mu ce lauyan ya ci amana ba, Allah ne masani. Amma doka tana neman shaidu biyu a wuri ɗaya, mai wasiyya kuwa ya san abin da ke ciki. Yakubu ya ruɗi ubansa da fatar akuya, ya yi shekara 20 a gidan Laban saboda tsoron Isuwa. Mun roƙi 'ya'yan su kira dattawa, a karanta wa baba takardar da ƙarfi, a ji bakinsa tun yana da rai.