Fatawa: Hukuncin Cire Gashin da Aka Liƙa da Gam da Yadda Za a Cire Shi Ba Tare da Cutar da Kai Ba

Tambaya: Lokacin bikina an kai ni shagon gyaran gashi, aka ƙara mini gashin kanti, aka liƙa shi da gam a jikin nawa, ta goshi kuma aka manna shi a kan fata. Yau sati uku ke nan yana kaina. A Islamiyya na ji malamarmu ta ce an la'anci mai yin haka, hankalina ya tashi. Ina komawa gida na kama wani ɓangare na fizga, sai ya fito da gashina, har wurin ya yi jini. Wata ƙawata ta ce in zuba kananzir, wata ta ce in aske kan gaba ɗaya in huta. Maigidana kuma ya ce in bari sai ya tsufa tunda an kashe kuɗi. Malam, dole ne in cire shi yanzu-yanzu ko da gashina zai tsige? Kuma ina matsayin alwalata da wankana da sallolin da na yi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yar'uwa, cire shi wajibi ne a kanki, amma kada ki sake fizga. Tashin hankalin da kika yi alheri ne, fizgar ce ba a neme ta daga gare ki ba.

Abin da malamarku ta faɗa gaskiya ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah ya yarda da su, cewa wata mata ta zo wa Annabi (SAW) da batun 'yarta amarya, wadda ƙyanda ta kama har gashinta ya zube, tana neman izinin ƙara mata wani. Bai ba ta izini ba, ya kuma la'anci mai ƙarawa da wadda ta nemi a ƙara mata. Ki duba da kyau: amarya ce, ga uzurin ciwo, ga miji yana ɗokin a kai masa ita, amma ba a yi rangwame ba. Mu'awiya ma, zuwansa Madina na ƙarshe, ya ɗaga wani curin gashi a kan mumbari yana tambayar mutanen garin ina malamansu suke har wannan abu ya yaɗu.

Idan gashin na mutum ne, mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcinsa. Da yawa daga gashin mutum da ke kasuwa daga Indiya yake fitowa, wani ma daga wurin bautar Tirumala a jihar Andhra Pradesh, inda masu ziyara ke aske kawunansu don cika bakance, a tara gashin a yi gwanjonsa. Idan kuwa na roba ne, wanda mata ke kira gashin doki, akwai saɓani. Hanafiyya sun sassauta a kan abin da ba gashin ɗan Adam ba. Shafi'iyya sun yarje wa matar aure gashi mai tsarki wanda ba na mutum ba, idan mijinta ya yi izini. Imamu Malik da mafi yawan malamai, kamar yadda Alƙali Iyad ya naƙalto, sun hana ƙari da kowane irin abu, saboda hadisin Jabir da ke cikin Muslim bai ware gashi daga waninsa ba. Zare mai launi da ake ɗaure kitso da shi, wanda ba mai ganinsa ya zaci gashi ne, shi suka ware. Wannan ra'ayi nake ba da fatawa da shi, musamman da yake gashin roba na yau an yi shi ne don a kasa bambanta shi da na halitta.

To, yaushe za ki cire? Tuba ba ta jira. Daga lokacin da kika yi nadama, kika ƙudurta ba za ki koma ba, kika tashi neman hanyar cirewa, kin shiga sahun masu tuba ko da gashin yana kanki. Malaman usulu suna ba da misali da mutumin da ya tuba yana tsakiyar filin da ya ƙwace: dole sai ya taka filin kafin ya fita, kuma mafi yawansu ba su lissafa takun fitarsa a matsayin sabon zunubi ba. Awannin da za ki yi kina jiƙa gam da mai irin wannan takun ne. Shari'ar da ta hana ƙarin gashi ita ce ta hana mutum ya cutar da kansa ko ya cutar da wani, kamar yadda ya zo a hadisin da Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa ba a kawar da cuta da wata cutar irinta. Gashin da aka tumɓuke da saiwarsa sau da yawa yana komawa, amma idan aka yawaita ja a wuri ɗaya har fatar ta yi tabo, sanƙon yakan zauna dindindin, kuma a goshi da gefen kunne aka fi ganin haka.

Amma jinkirin yana da iyaka. Na yini ne ko kwana ɗaya zuwa biyu, gwargwadon abin da zai ishe ki samun abin narkar da gam da wadda ta iya aikin. Maganar a bari sai ya tsufa don an kashe kuɗi ba uzuri ba ce. Ki faɗa wa maigidanki cikin ladabi cewa ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci, kuma tsarkinki da sallarki ne ke cikin haɗari. Ina fata shi da kansa zai biya kuɗin cirewar. Ko ta fuskar lafiya ma, irin gashin da ake liƙawa layi-layi da baƙin gam ba a son ya wuce wata guda a kai.

Aski kuwa ba shi ne mafita ta farko ba. Ko a aikin Hajji ba a ɗora wa mace aski ba, saisaye kaɗai aka ce ta yi, kuma malamai sun hana mace aske kanta ba tare da lalura ba. Idan likita ya ce babu makawa sai an aske, to lalura ta tabbata, babu laifi.

Kananzir da fetur kuma ki nisance su. Suna ƙona fatar kai, ga rauni kina da shi, ga wutar girki a gida. Haramun ne ki jefa kanki cikin wannan.

Ga yadda aikin yake. Ki fara sanin wane irin gam aka sa miki, domin ba abu ɗaya ne ke narkar da su duka ba. Mafi sauƙi ki koma wurin wadda ta liƙa, ko wata mace da ta iya, ta gaya miki. Kada ki kai kanki wurin namiji mai gyaran gashi. Kuɗin da za ki biya na cirewa halas ne a gare ta, har da lada idan ta kyautata niyya.

Baƙin gam ɗin da aka fi amfani da shi daga ƙaron roba aka yi shi, kuma mai ne maganinsa. Ana sayar da ruwan cire shi a inda ake sayar da gam ɗin. Idan bai samu ba, man zaitun ko man kwakwa ko man kaɗe da aka narkar ya yi ɗumi suna aiki. Ki tsaga gashin kashi-kashi ki ɗaure kowanne, ki fara daga ƙeya ki yo sama. Ki shafe layin gam da mai sosai har ya jiƙe, ki rufe kan da leda kamar rabin awa ko awa guda. Daga nan ki danne tushen gashinki da yatsun hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ya riƙa murza bakin layin a hankali. Gam ɗin da ya yi laushi za ki ji yana dunƙulewa a yatsa yana santsi, layin ya zame da kansa. Inda kika ji ya cije, ko kika ji zafi a fata, ki tsaya ki ƙara mai ki jira. Zafi alama ce cewa gashinki kike ja.

Na goshi da aka manna a fata, a jiƙa auduga da ruwan cire shi ko mai, a ɗora a bakin layin na 'yan mintoci, a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan daga gefen kunne zuwa tsakiya. Wurin da ya yi jini kada a sa masa sifirit ko wani ruwa mai zafi, mai kaɗai za a kewaya da shi. Akwai kuma irin da ake mannawa sili-sili da wani ƙullin gam mai tauri kamar ƙwayar shinkafa, wanda ake narkar da shi da zafi lokacin sawa. Wannan mai bai cika narkar da shi ba. Ana ɗiga masa ruwa na musamman mai sifirit ko asiton, a murƙushe ƙullin da ƙaramar filaya har ya farfashe, sannan a zare. Wannan aikin gwanaye ne, kada ki yi shi da kanki, a kuma yi shi nesa da wuta a inda iska ke shiga. Kada waswasi ya kama ki a kan sifirit ɗin: ba na sha ba ne, da yawa daga malaman wannan zamani ba sa ganin najasa ne, kuma ai za ki wanke kan bayan an gama.

Idan an gama cirewa kada ki yi gaggawar zuba ruwa. Ki fara tsefe gashin yana da mai, da yatsu tukuna, sannan mataji mai manyan haƙora, daga bakin gashi zuwa tushe. Ruwa idan ya sauka a kan gashin da ba a tsefe ba, ga ragowar gam, sai ya cukurkuɗe ya dunƙule har a kai ga almakashi. Za ki ga gashi da yawa a mataji, kada ki firgita. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, kuma abin da ya zube miki a sati ukun nan yana nan maƙale a gam. Bayan tsifa sai ki wanke da shamfu sau biyu ko uku har maiƙon da ɓurɓushin gam su fita.

Idan kika ga kumburi, ko ƙuraje masu ruwa, ko ƙaiƙayi mai tsanani, ki je asibiti. Akwai matan da jikinsu ba ya jituwa da ƙaron roba, wanda kuwa ya kai ga kumburin fuska ko sarƙewar numfashi na gaggawa ne. Haka nan idan ya bayyana gam ɗin liƙa kaya aka sa miki, kada a yi gwaji a gida. A shekarar 2021 wata mata a jihar Luwiziyana ta Amurka ta fesa irinsa a kanta, ta yi kusan wata guda da shi, sai da likitan fiɗa ya yi awanni kafin ya raba ta da shi.

Sai batun tsarki, wanda shi ne ya fi nauyi a tambayarki. A mazhabar Malik shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, a wanka kuma sai ruwa ya game gashi da fata tare da cuɗawa da tsettsefewa. An yi wa mace rangwame ba sai ta tsefe kitsonta ba, saboda hadisin Ummu Salama a Muslim, amma da sharaɗin ruwa yana ratsawa. Shi ya sa malamanmu suka ce kitson da aka yi da zare uku ko fiye sai an warware shi. Gam kuwa an yi shi ne don ruwa ya kasa shiga. Duk inda ya kwanta a fata, musamman goshi wanda wani ɓangarensa yana cikin fuskar da ake wankewa, lam'a ce, wato wurin da ruwan tsarki bai kai gare shi ba.

Daga yanzu zuwa a gama cirewa, kada ki bar salla ko ɗaya. Ki wanke duk inda ruwa zai iya kaiwa, ki shafi saman abin da ya rage. Halil ya kawo a Mukhtasar cewa wanda ke tsoron cutuwa idan ya cire rawaninsa yana iya shafa a kansa, kamar yadda ake shafa a kan ɗaurin rauni, kuma halinki a wannan ɗan lokaci ya shiga ƙarƙashin haka. Da zarar gam ya fita, ki yi cikakken wanka nan take.

Sallolin da suka wuce kuwa, tunda kin ce an manna shi a fatar goshinki, hukuncin mazhaba shi ne wanda ya bar lam'a yana wanke ta ya rama abin da ya sallata. Akwai malamai, kamar Ibn Taimiyya, da ke ganin wanda bai san hukunci ba babu ramuwa a kansa, hujjarsu kuwa Annabi (SAW) bai umarci mutumin da ya munana sallarsa ya rama na baya ba, sai wadda yake ciki. Ra'ayi ne mai ƙarfi, kuma da watanni masu yawa ne da shi zan ba ki amsa. Amma sati uku ba abu ne da zai gagare ki ba, don haka ki rama. Ki cire kwanakin al'ada idan sun faɗo ciki, ki riƙa rama sallolin yini guda ko fiye a kowace rana har ki gama. Azumi, idan kin yi a kwanakin, yana nan daram.

Gashin da aka cire, idan na mutum ne ki binne shi, kada ki sayar ko ki ba wata ta sa. Naki kuma ki bar shi ya huta makonni kaɗan, ba rilaksa ba kitso mai ɗaurewa, har wurin da ya yi rauni ya warke. Gashi yana tsawon kusan santimita ɗaya a wata, saboda haka gurbin da ya tsige zai ɗauki lokaci kafin ya cike, kada ganinsa ya sa ki rufe shi da wani ƙarin.

Masu shagunan gyaran gashi da iyayen amare, la'anar da ta zo a hadisi da mai ƙarawa ta fara. Ku daina liƙa wa 'ya'yanmu abin da zai shiga tsakaninsu da ruwan tsarki tun daga daren farko, wadda kuma ta zo muku neman a cire mata, ku zauna ku cire mata a hankali.

Allah ne Mafi sani.