Tsakanin Yamai da Jidda

Tsakanin Yamai da Jidda akwai kimanin kilomita 4000 ta sama, jirgi kuwa yakan cinye su cikin awa 5 ko 6. Maniyyacin Keita ya fi daɗewa a mota kafin ya isa Yamai ta Tawa da Ƙonni.

Kakanninmu ta ƙasa suka bi: Abeshe, Darfur, Hartum, har Sawakin, sannan su ƙetare Bahar Maliya. Wani yakan yi shekaru yana yada zango, yana noma don guzuri. Da yawa a Sudan suka zauna, jikokinsu na can har yau.

Shin ladan mai jirgi ya ragu ke nan? Wasu dattawa haka suke gani, amma ban bi su ba. Shari'a ba ta neman wahala don kanta. Malamanmu na Malikiyya sun rataya kasaru ga tafiyar kimanin kilomita 80, bisa jaki ne ko cikin jirgi.

Abin tsoron daban ne. Mai tafiyar ƙasa yakan biya bashi, ya nemi gafarar maƙwabta, ya bar wasiyya, domin bai sa ran dawowa ba. Na yau, da tikitin komowa a aljihu, yakan tashi alhali rikicin iyakar gona na tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya ce sai ya dawo. Wa ya ba shi tabbaci? A turmutsitsin Mina na 2015 akwai 'yan Nijar cikin waɗanda suka rasu, kowannensu da tikitinsa. Allah ya jiƙan su.