Wa Za Ya Fara Shiga Tafki?

Mu tuna da abin da ya faru a zamanin annobar korona. Ran 2 ga watan Maris, 2021, jirgin sama ya sauka a Abuja da allurar rigakafi wajen miliyan 4. Mutanen Nijeriya kuwa sun fi miliyan 200, kowa kuma sai an yi masa sau biyu. Watau cikin mutum 100, da ƙyar ɗaya za ya samu. To, wa za a ba?

Hukuma ta ce a fara da ma'aikatan asibiti, gama su ne ke kusa da majiyyata dare da rana, in kuwa suka kwanta babu mai jiyyar saura. Ran 5 ga wata aka soma da wani likita a Abuja. Bayansu tsofaffi, sa'an nan masu ciwon sukari da irinsu, waɗanda cutar ta fi kayarwa. Ba mu ga aibin wannan shiri ba. Ko da aka yi wa Shugaba Buhari kashegari a gaban jama'a, akwai dalili, gama tsoron allura ya kama mutane da yawa.

Amma shiri a takarda ba shi da ƙafa. Ku buɗe Bishara ta Yohanna, sura 5. A Urushalima akwai tafkin Betasda, da shirayi biyar cike da makafi da guragu, kowa yana jiran ruwa ya motsa, domin wanda ya riga shiga shi ke warkewa. Ku duba fa, wa ke riga shiga? Mai sauran ƙarfi, ko mai dangi. Wanda ciwonsa ya fi tsanani kullum shi ne a baya. Akwai wani a wurin, shekara 38 yana kwance. Ubangiji Yesu ya ratsa taron duka, ya tsaya a kansa. Kukan mutumin bai shafi ƙarancin ruwa ba. Abin da ya dame shi, ba shi da mai ɗaukarsa.

Mun san halinmu, kada mu ɓoye. Ran da abu ya yi kaɗan, mai ɗan'uwa a asibiti ya kan bi ta ƙofar baya, ran Lahadi kuma ya tashi ya ba da shaida, wai Allah ya buɗe masa hanya. Wace hanya? Gurbin wata gwauruwa ya ci, wadda ta ke ƙauye, idonta ya dushe, ba ta ma ji an zo da allura ba. Sunanta na gaba bisa ga doka, jikinta na bukka.

Annoba ba ta sallama. Kakanninmu sun ga agana, mu mun ga korona, sanƙarau kuwa bai daina ziyartarmu da bazara ba. Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ekklesiya, tun yanzu da sauƙi, su rubuta sunayen tsofaffi, da makafi, da guragu, da gwauraye na unguwarsu, ko masu bi ne ko maƙwabtanmu Musulmi. Kusa da kowane suna a rubuta saurayin da za ya ɗauko shi a babur ran da masu allura suka zo. Zumuntar mata sun fi kowa sanin gidajen nan, sai a tambaye su.