Kwanon Da Ba Ya Dawowa

Karatu: Luka 14:12-14

Ɗan'uwana cikin Almasihu, kafin ranar 25 ga Disamba ta iso, zauna ka lissafa gidajen da za ka aika wa shinkafa da nama. A cikinsu, gida nawa ne ba za su iya aiko maka da nasu ba?

Mun iya kashe kuɗi a wannan wata. Tun Nuwamba an kai wa tela ankon zumuntar mata, maza sun shiga watandar saniya, an kwashe adashi, wani ma ya ci bashi don kada yaransa su ji kunya a majami'a. Ban ce zunubi ne ba. Ni ma ina son naman, kuma yaro cikin sabuwar riga abin godiya ne. Amma in an tambaye mu, sai mu ce ai Kirsimeti lokacin bayarwa ne, ga shi mun raba abinci a unguwa. To, duba inda kwanukan suka nufa: gidan maigidanka na wurin aiki, gidan surukai, gidan dattijon ikkilisiya, da maƙwabcin da ya aiko maka bara. Kafin yamma duk sun dawo cike. Bashi ne muke biyan juna, muna kiransa kyauta.

A kan wannan ne Yesu ya yi wa mutumin da ya gayyace shi cin abinci magana. Ya nuna masa cewa wanda abokansa suka rama masa ya riga ya karɓi nasa. Ladan da ke wurin Allah na wanda ya ciyar da marasa abin ramawa ne.

Ka tuna kuma irin gidan da aka haifi Mai Cetonmu. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Shari'ar Musa ta yarda wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Da a unguwarku suka sauka, baƙi, ba su san kowa ba, da kwanonka ya kai ƙofarsu?

Wani zai ce, “Mai bishara, abin da ke hannuna bai ishi gidana ba.” Na yarda, kaya sun yi tsada. Ban ce ka ƙara kashewa ba. Cire daga abin da ka riga ka shirya: kuɗin ɗinki ɗaya, ko kashin nama guda. Akwai gwauruwa a layinku wadda rikici ya raba da ƙauyenta, kuma a Janairu za a koro 'ya'yanta saboda kuɗin makaranta. Ku kai mata, kai da matarka, a asirce, ba ɗaukar hoto, ba sanarwa ranar Lahadi. In ta fara dube-duben abin da za ta sa muku a kwanon, ku ce ta riƙe shi.