Tuwon Da Ya Kwana A Kula, Laifin Wa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya ciyar da mu, ya shayar da mu, ya sanya mu Musulmi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa maza da mata, rigingimun aure da ake kawowa gaban malamai da dattawa a nan Agege, da yawansu idan aka bi su a sannu sai a tarar daga tukunya suka taso. Maigida zai ce ba ta ganin girmansa, uwargida ta ce ba ya ganin wahalarta. Sai an matsa da tambaya sannan a ji ainihin zancen: ta yi girki bai ci ba, ya kwana ya lalace, da safe ya gan shi cikin shara, ya ce ana ɓarnatar masa da dukiya. Ana jin kunyar a ce aure ya girgiza saboda tuwo, shi ya sa ake sauya wa abin suna.

A gida ba kasafai abinci ke kaiwa bola ba, kuma ba don iyayenmu sun fi matanmu iya awo ba ne. Gidan ne babba. In maigida bai ci ba akwai ƙannensa, akwai yaran maƙwabta, akwai almajiri a bakin zaure. Abin da ya saura a yi ɗumame da safe, ƙanzo a shanya, na ƙarshe kaji da awaki su ɗauke. Nan fa? Ɗaki ɗaya ko biyu a gidan haya, daga kai sai ita sai yara ƙanana. Ga zafi da laimar Legas, miyar da aka sauke da la'asar kafin asuba ta fara tsami. Firij kuwa, ga wanda ma yake da shi, kowa ya san halin wuta. Saboda haka abin da a gida ba ya buƙatar magana, a nan sai an yi magana. Mu kuwa mun taho da al'adar shiru, mun baro babban gidan da ke rufa wa shirun asiri.

Bari in fara da mu maza. Ka fita bayan sallar asuba, wani Mil 12, wani mayankar Oko-Oba, wani Alaba Rago. Da azahar ka ci a kasuwa, da magariba abokin ciniki ya ja ka kun ƙara, cunkoson motoci ya riƙe ka har goma na dare. Duk wannan babu laifi. Laifin shi ne waya tana hannunka tun safe. Ka kira direban da ya ɗauko maka kaya sau goma, ka kira dillali, ka kira Kano, amma minti ɗaya na cewa "kada ki sa da ni yau" ya gagare ka. Ita kuwa tana can ta ƙona gas, ta tsaya a kicin ɗin da take layi da matan haya, ta zuba a kula tana jira. Ka shigo ka ce ka ƙoshi. To, wa ya zubar da abincin nan? Hannunta ne ya kai shi shara, amma kai ka yanke masa hukunci tun da rana.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa sanin darajar abin da ke cikin tukunyar. Mun san yadda kwandon tumatir ke tasowa daga Kadawa, buhun albasa daga Aliero, a yi tafiyar kusan kilomita 1,000, a biya kuɗin mota, a biya na shingaye. In mota ta lalace a hanya kaya suka ruɓe, mutum har rashin barci yake yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 babu wanda bai ji a jikinsa ba. Yaya wanda ke kukan kwando ɗaya a kasuwa zai riƙa asarar kwano ɗaya kullum a ɗakinsa bai ɗauke shi asara ba?

Allah Maɗaukaki ya halatta mana ci da sha a Suratul A'arafi aya ta 31, a wuri guda kuma ya hana israfi, ya sanar da mu ba ya son masu yin sa. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da 27, ya danganta masu almubazzaranci da shaiɗanu. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda loma ta faɗi daga hannunsa ya ɗauka, ya goge abin da ya taɓa ta, ya ci, kada ya bar wa Shaiɗan. Loma ɗaya ke nan. Ina ga malmala uku da miyarsu?

Sai maganar kushe. Abu Huraira ya ba da labari, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba. In yana sha'awa ya ci, in ba ya so ya bari. Wata rana a ɗakin Nana Maimuna aka kawo gasasshen damo, ya miƙa hannu, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haram ne, ya amsa cewa ba haram ba ne, shi dai babu shi a ƙasar mutanensa, ransa bai karɓa ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Ku lura da inda ya ajiye dalilin: a kan sabonsa da ransa. Bai ɗora wa mai girki komai ba. "Ban saba da shi ba" daban, "ba ki iya ba" daban. Na farko bayani ne da za ta yi aiki da shi gobe, na biyu mari ne da baki.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Mutum ya shekara 15 a Kudu, harshensa ya saba da amala da ewedu da barkono mai zafi, sai a kawo masa amarya daga Katsina ko Maraɗi wadda ba ta san haka ba. Ba zai gaya mata ba, sai dai ya ci loma biyu ya ture. Wani kuma 'yar nan ya aura, yana son miyar kuka irin ta mahaifiyarsa, bai taɓa sayo daddawa mai kyau ba, bai haɗa ta da wadda za ta nuna mata ba, kullum sai "ai ba haka Hajiya take yi ba". Haba malam! Hajiya ta yi shekara 40 tana kaɗa miyar nan.

Mafi muni shi ne fushi da abinci. An sami saɓani kan wani abu can daban, sai maigida ya ɗauke baki daga girkinta kwana uku, yana ci a waje, wai horo yake yi. Ita kuma don kada a ce ta daina girki, kullum sai ta dafa ta ajiye. Yara suna kallo. An ɓata abinci, an ɓata kuɗi, an ƙuntata wa baiwar Allah, matsalar farko kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Ku gwada wannan da abin da Anas ya ruwaito a Bukhari: Annabi (SAW) yana ɗakin ɗaya daga cikin matansa, wata ta aiko da akushin abinci, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aike, akushi ya faɗi ya fashe. Sai ya haɗa ɓallin akushin, ya tattara abincin, ya shaida wa waɗanda ke wurin cewa kishi ne ya motsa wa uwarsu, sannan ya sa aka mayar da lafiyayyen akushi a madadin wanda ya fashe. Bai tashi ya bar ɗakin ba, bai kuma bar abincin a ƙasa ba.

Iyayenmu mata, ku ma ga naku. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Kafin ya fita ki ce, "Maigida, yau za ka dawo da wuri? Me kake sha'awa?" In kin san mutum huɗu ne a ɗakin, kada ki auna na goma don haka kika ga ana yi a gidanku, ko don gudun kada baƙo ya zo. In kuɗin cefane ba ya isa, ki faɗa da lissafi, ga farashin jiya ga na yau. Ya fi ki yi shiru ki yi miyar da ke kanki kin san ba za ta ciwu ba. Wadda kuma ke huce haushinta a tukunya, ko take lallaɓawa da dare ta juye abinci a kwata don kada a gani, ta tuna akwai mai gani. Amma maganar baƙi, maza ku ji: ɗan'uwa ya sauka daga motar Arewa, ka san da zuwansa tun jiya, kada ka shigo da shi ƙarfe tara kana tambaya me aka dafa.

Malamai sun yi saɓani kan ko girki wajibi ne a kan mace. A mazhabarmu ta Malikiyya ana duba al'ada da halin ma'auratan: inda miji ba shi da ikon ɗaukar mai aiki, ko matar ba irin wadda aka saba yi wa hidima ba ce, aikin cikin gida yana kanta. Wasu malaman ba su wajabta ba sam. Nana Faɗima da kanta ta yi niƙa har hannunta ya nuna. Nana A'isha kuma ta shaida cewa Annabi (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki kwanon da aka ajiye masa kamar harajin da ake biyansa ba, kuma "sannu da aiki" ba za ta yi masa nauyi ba.

In duk da haka abinci ya saura, a tuna wasiyyar da Annabi (SAW) ya yi wa Abu Zarri, cewa in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya tuna da maƙwabta. Babu almajiri a ƙofa, gaskiya ne, amma akwai samarinmu masu tura ruwa, masu gyaran takalmi, masu gadi, da waɗanda suka zo ci-rani suke kwana a rumfunan kasuwa. Akwai maƙwabciyarki Bayarabiya ko Ibo, Musulma ce ko ba Musulma ba, haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanki. Sai dai a bayar da shi da ɗuminsa, kafin isha'i, tun yana abin da kai ma za ka iya ci. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai maigida ya kira tun la'asar ya ce ba zai ci ba.

Allah ya sanya albarka a cefanenmu, ya daidaita tsakaninmu da iyalanmu. Amin.