Ɗana, Kafin Ka Bi Lambar da Ake Faɗa Daga Legas

Ɗana, yanzu ma'aikaci a sakatariyar Dutse, ko malami a jami'ar tarayya, ko mai shagon kayan masarufi, yana iya sayen hannun jarin kamfanin siminti ko na sadarwa da wayar hannunsa, ba tare da ya taka Kano ba balle Legas. Ban ƙi maka wannan ba. Neman halas ne mutum ya sa dukiyarsa inda za ta hayayyafa. Abin da ke damuna shi ne lambar nan da ake karantowa a labaran kasuwanci, a ce kasuwa ta tashi da maki kaza, sai in ga samari sun ruɗe kamar an yi musu bushara. Ina so ka san yadda ake haɗa lambar da abin da ta yi wa mutane a baya, sannan ka taɓa albashinka.

An kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, aka fara ciniki a 1961, aka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1977, kuma tun 2021 ake kiranta NGX. Babban ma'auninta, wanda ake kira ASI, an ɗora shi a kan maki 100 ranar 3 ga Janairu, 1984. Akwai ƙaninsa, NGX 30, wanda ya taƙaita ga manyan kamfanoni 30 da suka fi nauyi kuma aka fi cinikinsu, ana sake duba jerin sau biyu a shekara, a fitar da wanda ya yi rauni a shigo da wanda ya ƙarfafa.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki adadin hannayen jarin kamfani a ninka da farashin guda ɗaya, abin da ya fito shi ne darajar kamfanin a kasuwa. A tara na dukkan kamfanonin, a gwada jimillar yau da ta ranar da aka fara. In ta ninka biyu, 100 ta koma 200. Idan sabon kamfani ya shigo, ko tsoho ya ƙara hannayen jari, ana gyara abin da ake rabawa da shi don kada lambar ta yi tsalle alhali farashi bai motsa ba. Shi ke nan.

Amma tsaya ka dubi abin da wannan lissafi ya ƙunsa. Ka je kasuwar Shuwarin ka ƙiyasta kuɗin duk hatsin da aka sauke: gero buhu dubu, riɗi buhu ashirin. Ko riɗi ya karye rabi, in gero ya ɗan motsa sama, za a ce kasuwa ta yi kyau, mai riɗi kuwa ya koma gida yana salati. To, sa lambobi. Kamfani na farko yana da hannun jari biliyan 1, kowanne Naira 100, darajarsa biliyan 100. Na biyu yana da miliyan 100, kowanne Naira 50, darajarsa biliyan 5. Jimilla biliyan 105. Na farko ya ƙaru da kashi 5 cikin ɗari, na biyu ya zube rabi: jimilla ta koma biliyan 107.5, ma'auni ya hau da fiye da kashi 2 cikin ɗari. Gidan rediyo zai ce an ci riba, kuma bai yi ƙarya ba. Kai da ka zuba komai a na biyu, rabin kuɗinka ya tafi. A kasuwarmu 'yan tsirarun kamfanoni ne ke jan ragamar, irin su simintin Dangote, MTN, Airtel, kamfanonin BUA biyu da manyan bankuna. Lambar labarinsu take bayarwa, ba lallai labarinka ba.

Ba mu kaɗai ke auna haka ba. A Amurka ma'aunin S&P 500, wanda ya fara da kamfanoni 500 a 1957, shi ma da nauyin kamfani yake tafiya, sai dai yana ƙirga hannayen jarin da ke yawo a hannun jama'a ne kawai. Dow Jones, tsohon da ya faro tun 1896, da farashin hannun jari ɗaya yake awo, shi ya sa masana ba su cika dogara da shi ba.

Yanzu ga tarihin da nake so ka riƙe da hannu biyu. A 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin Naira biliyan 25. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, kuma da yawansu suka bazama neman kuɗi wurin jama'a. Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun nan zai tuna ma'aikatan banki suna bin ofisoshi da fom a hannu, suna cewa cike kawai, Alhaji, kafin a rufe. Kowa ya saya sai ya ga farashi ya hau. A 2007 kaɗai ma'aunin ya ƙaru da kusan kashi 75 cikin ɗari. Wasu suka sayar da fili, wasu suka sa kuɗin sallamarsu daga aiki, wasu kuma, wannan shi ne mafi muni, suka ci bashin banki mai ruwa suka sayi hannun jari da shi, aka riƙe hannun jarin a matsayin jingina. Ranar 5 ga Maris, 2008, lambar ta kai 66,371. Daga nan sai gangara. Kafin ƙarshen Maris na 2009 ta faɗi ƙasa da 20,000, wato kashi 70 cikin ɗari ya narke cikin shekara guda. Wanda ya saya da kuɗinsa ya yi asara. Wanda ya saya da bashi ya wayi gari jinginar ba ta kai rabin bashin ba, ruwa kuma yana ta hawa.

A watan Agusta na 2009 Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna biyar, aka zuba musu Naira biliyan 420 don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Masu ajiya sun tsira. Masu hannun jari kuwa, a Afribank da Bank PHB da Spring Bank, waɗanda hukuma ta karɓe a 2011, ba su tsira da komai ba. Har yau a gidajenmu akwai takardun shaidar hannun jarin nan masu ado a gefe, an naɗe su a leda tare da takardar fili da ta makaranta a ƙasan akwati, mai su ya kasa yarwa, ya kasa dubawa.

Za a ce maka ai kasuwa tana dawowa. Ta dawo. Amma sai a watan Agusta na 2023 ta sake taka matsayin 2008, bayan shekara 15. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da ta fara faɗuwa ya kusa gama sakandare. Kuma wa ya dawo da ita? Simintin Dangote ya shiga kasuwar a 2010, MTN da Airtel a 2019, simintin BUA a 2020, kamfanin abinci na BUA a 2022. Ba su cikin lissafin ranar da mutanenmu suka cike fom. Ma'auni yana binne matattunsa ya ɗauki sababbi ya ci gaba, mai takarda a akwati ba shi da wannan dama. Wannan ita ce maganar da nake so ta zauna maka fiye da kowace. Kada kuma ka ce matsalar Nijeriya ce: ma'aunin Nikkei na Japan ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai sake ganin wurin ba sai 2024. S&P 500, da ake yabonsa da ribar wajen kashi 10 cikin ɗari a shekara in an haɗa tsawon tarihinsa, ya zubar da fiye da rabin darajarsa tsakanin 2007 da 2009.

Sai batun Naira, wanda ba a cika faɗa ba. A farkon 2008 dala tana wajen Naira 118. Da lambar ta dawo a 2023, dala ta haura Naira 700. Makin iri ɗaya ne a takarda, amma a dala bai wuce kashi ɗaya cikin shida na da ba. A 2024 ma'aunin ya ƙetare 100,000, ya rufe shekara a 102,926, ƙarin kusan kashi 38 cikin ɗari. Madalla. A Disambar waccan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Cire wannan daga wancan ka ga abin da ya rage na cefane. Adalci kuma in faɗa maka ɗaya gefen: lambar ba ta ƙirga rabon ribar da kamfanoni ke biya duk shekara, kuma wanda ya bar kuɗinsa a ƙarƙashin katifa a shekarun nan hauhawar farashi ta cinye shi ba tare da wani ya ba shi ko sisi ba. Ban ce ka guji kasuwar ba. In kana cikin tsarin fansho na tarayya ma, wani ɓangare na abin da ake yanka a albashinka tuni yana can.

In za ka shiga, shiga da kuɗin da ba za ka nema ba nan da shekara biyar ko goma. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, kuɗin taki, sadakin ƙanenka, waɗannan ba na kasuwa ba ne. Bashi kuwa, ko ba ruwa a kansa, kada ka kusance shi don wannan harka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kada ka tara komai a kamfani ɗaya don abokinka ya ce yana da labarin sirri. Rarraba, ko ka sayi asusun da ke bin ma'aunin gaba ɗaya, domin shi ne kaɗai zai sauya tare da ma'aunin in an sauya kamfanoni.

Ka kula da addininka a ciki. ASI da NGX 30 sun haɗa bankuna masu mu'amala da kuɗin ruwa da kamfanonin giya. Tun 2012 akwai ma'aunin Lotus na Musulunci a kasuwar, wanda ke tace kamfanoni bisa sharuɗɗan Shari'a, akwai kuma asusun da ke binsa. Shi ma yana hawa yana sauka, tacewar ba ta hana asara. Ka zauna da malamin da ya san fiƙihun ciniki ya warware maka hukuncin zakkar hannun jari, kada ka yanke wa kanka.

Duk wanda ya zo maka da alkawarin riba tsayayya kowane wata, kashi 30 ko ninki, ba kasuwar hannun jari yake sayar maka ba. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025. Ma'aunin da ya haura shekara 40 ana lissafa shi bai taɓa yi wa kowa alkawarin gobe ba. Dillalin gaskiya yana da rajista da hukumar SEC, kuma zai buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar hannayen jari, da sunanka, inda za ka ga abin da ka mallaka da idonka.

Wata buƙata ta ƙarshe, kuma ta gida ce. In mahaifinka ko kawunka ya sayi hannun jari a shekarun da na ba ka labarinsu, ka roƙe shi cikin ladabi ya fito da takardun. Wasu bankunan sun mutu, amma wasu suna raye suna biyan riba, kuma ribar da ba a karɓa ba ta taru ta kai biliyoyi a hannun masu rajistar hannun jari. A kai takardar wurin dillali ya duba, a cike fom ɗin biyan riba ta asusun banki da lambar BVN, a tabbatar sunan da ke jiki ya dace da na katin shaida. Naka kuma ka rubuta sunan dillalinka da lambar asusunka ka ba iyalinka, domin dukiyar magada ce, kuma rabon gado ba ya kaiwa ga abin da ba a san da shi ba.